Mahaifiyar Shaihu Umar: Tauraruwar da Ba a Cika Tambaya a Jarrabawa Ba

Wadda ke bakin murhu ta ci gaba da tuƙinta, kunne kawai nake roƙo a ara mini.

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma zancen zaman aure ba, ko da yake in kin bi ni a hankali za ki ga auren ma ya leƙo ciki. Littafi na zo mana da shi, irin wanda ake ba 'ya'yanmu su karanta a makaranta, mu kuma mu biya kuɗinsa ba tare da mun taɓa buɗe shi ba.

Abin da ya jawo zancen shi ne, kwanakin baya 'yar yayata da ke aji biyar a sakandare ta zo mini hutun ƙarshen mako da aikin gida a jaka. Malaminsu na Hausa ya ba su tambayoyi biyu a kan littafin Shaihu Umar. Ta farko, wane ne babban tauraron littafin, a kuma bayyana halayensa. Ta biyu, mene ne jigonsa. Kafin in gama sallar la'asar yarinya ta gama. Na ce kawo in gani. Layi huɗu ne cur. Tauraro Shaihu Umar, mutum ne mai ilimi da haƙuri da tsoron Allah. Jigo kuwa bauta da ƙaddara. Shi ke nan.

Na ce mata, "Ke, kin kuwa karanta littafin nan?" Ta ce, "Anti, ai haka yake a not ɗin malam." Na ce ba not na tambaye ki ba. Sai ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ban yi mata faɗa ba, don ni ma haka na yi a zamanina. Wallahi na ci jarrabawar adabi ban san ƙarshen wasu littattafan ba. Ba kuma na ɗora wa malamin laifi. Mutumin da aka tara wa yara cike da aji, kwafin littafin bai fi a ƙirga da yatsu ba, ga zango na gudu, me zai yi in ba ya rubuta musu taƙaitawa a allo ba? Abin da na yi shi ne na ɗauko nawa kwafin da ya tsufa, na ce bayan isha za ta karanta mini da ƙarfi ina gyaran wake. Littafin ba shi da kauri, dare biyu muka yi muka gama. Da ta rufe shi sai ta yi shiru, can ta ɗago ta ce, "Anti, to ita matar nan me ta yi aka yi mata haka?"

To wannan tambaya ita ce shirinmu na yau.

Bari in ɗan koma baya saboda wadda ba ta san littafin ba. Wanda ya rubuta shi shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966, Allah Ya jiƙansa. Lokacin da ya rubuta shi ba ɗan siyasa ba ne, malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. An haife shi a 1912, kin ga ke nan shekarunsa ashirin da 'yan kai. A 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da shi wannan Shaihu Umar ɗin. An fassara shi da Turanci a 1967, an mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ma an gyara shi an sake nuna shi a birnin Balin na ƙasar Jamus a 2018.

Labarin ya buɗe ne a Rauta, kusa da Bauchi. Wani babban malami, Shaihu Umar, yana zaune da almajiransa, sai ɗayansu ya tambaye shi asalinsa. Shi ne ya shiga ba su tarihinsa. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya. Mahaifiyarsa ta sake aure, ta auri Makau, ɗaya daga cikin na hannun daman sarki. Aka tafi harin bayi ƙasar Gwari, aka dawo, fadawa masu hassada suka ƙulla wa Makau sharri wai ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Sarki ya ƙwace dukiyarsa ya kore shi. Makau ya yi ta tafiya har ya sami wurin zama a Maƙarfi ta ƙasar Zazzau. Ita kuwa matar, kafin ta bi mijinta, ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata ƙawarta. A wannan tsakani aka sace shi.

Daga nan labarin ya rabu biyu. Yaro ya faɗa hannu daban-daban. Ɓarawon da ya sace shi kura ta gama da shi, wasu mutane suka tsinci yaron suka riƙe, mahara suka far wa garinsu suka kwashe su zuwa Kano. A can wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar, wani gari Ber Kufa, ya mai da shi ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami, ya zama liman. Uwar kuma ta kasa zama. Ta bar Maƙarfi ta bi sawu har Kano, ta ji labarin an yi arewa da ɗanta. Wani mutum mai suna Ado ya ce zai kai ta. Ta bi ayarinsa suka shiga Sahara. Ashe sayar da ita zai yi. Ta kai ƙara gaban alƙali a Murzuk, amma hakan bai cece ta ba, ƙarshe dai aka sayar da ita ga wani Ahmad a Tarabulus, inda ta sha ɗauri da wulaƙanci. Bayan shekaru Umar ya yi mafarki da ya tayar masa da hankali, ya fito neman uwarsa, Allah Ya haɗa su a gidan Ahmad ɗin nan. Ta gan shi, ta gane shi, ba ta daɗe ba ta cika. A hanya kuma guguwar yashi ta binne ayarinsu, Abdulkarim ya halaka, Umar ya tsira, har ya iso Rauta ya zauna.

Kin ji labarin a dunƙule. Yanzu, 'yar uwa, ajiye ludayin minti ɗaya ki amsa mini wannan: a cikin mutanen nan biyu, uwa da ɗa, wa ya yi tafiya, wa kuma aka tafi da shi?

Ki lura da kalmomin da na yi amfani da su a kan Umar. An sace shi. An tsince shi. An kwashe shi. An ɗauke shi. An sa shi karatu. Duk "an" ne. Tun yana yaro har ya girma, ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu kamar ƙullin kaya. Ba laifinsa ba ne, yaro ne. Amma in muna nazarin tauraro, dole mu faɗi abin da muka gani: babban abin da Umar ya ƙudura da kansa ya tashi ya yi, shi ne fita neman uwarsa, wannan kuwa sai can wajen ƙarshen littafi. Ita kuma fa? Tana da miji mai sonta, tana da ɗaki, an fara samun kwanciyar hankali bayan wahala. Ba wanda ya kore ta. Ita ta ce za ta tafi. Ita ta isa Kano, ita ta yi ta tambaya, ita ta yanke shawarar shiga Sahara, ita ta tsaya gaban alƙali a ƙasar da ba ta san kowa ba ta ce ni 'ya ce, ba baiwa ba. Ki buɗe taswira ki duba inda Murzuk take, can kudancin Libiya ta yau, sa'annan ki duba Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce a zamanin raƙumi. Mace ɗaya, ba muharrami, ba dangi, ba ta jin Larabci.

Abin da na fara koya wa yarinyar nan ke nan. In an ce ki bayyana halin wani a littafi, kar ki fara da kirarin da aka yi masa. Ki fara da aikinsa. Me ya yi da hannunsa, me ya zaɓa a lokacin da yake da damar zaɓen wani abu dabam, me kuma zaɓin ya jawo masa? Mai haƙuri, mai ilimi, mai tsoron Allah, duk waɗannan riguna ne, kowa za a iya sa wa. Sai kin nuna mini ranar da mutum ya yi haƙurin, da abin da ya yi haƙurin a kansa.

Wata za ta ce, to in haka ne don me littafin bai ɗauki sunanta ba? Yawwa. Nan ne muka zo kan abin da yara ba sa kula da shi sam, wato bakin wa labari yake fitowa. Shaihu Umar ne yake magana daga farko har ƙarshe, kuma ba yaron da aka sace ne ke maganar ba, dattijo ne malami, zaune a kan buzu, almajirai kewaye da shi. Irin wannan mutum ba ya kuka a gaban ɗalibansa, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Komai ya faɗa zai faɗe shi a natse ya ƙare da godiya ga Allah. Sa'annan wahalar da uwarsa ta sha bai gani da idonsa ba, yana Masar yana karatu. Don haka abin da ya iso mana taƙaitacce ne, an tace shi. Shekarun da ta yi a ɗaure sun shige cikin 'yan layuka. In yarinya ta bi muryar mai ba da labari kawai, za ta ɗauka abin bai kai ya kawo ba. Sai ta koyi tsayawa ta ce, tsaya tukuna, wannan layi ɗaya da na wuce, kwana nawa ne a rayuwar matar nan?

Mu mata ai mun san wannan. In kika je gaisuwa gidan da aka yi rashi, maigida ya ce "sai haƙuri, lokaci ne ya yi", ba ki ɗauka ba ya jin zafi. Kin san inda za ki duba.

Akwai kuma wani abu da ya taɓa ni, ban gan shi ba sai a wannan karatu na baya. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗanta, musamman na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Bare wanda ya zo daga nesa zai rantse ba ta sonsa. To ga marubuci Bahaushe ya ɗauko mace daga cikin wannan al'ada, ya sa ta tsallake duk wata kunya, ta shiga kasuwa da zango tana tambayar baƙin maza ko sun ga ɗanta. Wanda ya san kawaicin matan da, shi zai san nauyin wannan.

Bari mu leƙa mazan littafin kaɗan, don su ne suka fi ruɗa yara. Na tambayi 'yar tawa, Makau mutumin kirki ne ko mugu? Ta ce na kirki ne mana, ai zaluntarsa aka yi. Na ce gaskiya ne, an zalunce shi, ya riƙe maraya da amana, ya kuma kyautata wa matarsa. To amma daga ina yake dawowa ranar da aka yi masa sharrin? Ta yi jim. Ta ce daga hari. Na ce harin me? Ta ce na bayi. Na ce, su waɗanda ya kamo a ƙasar Gwari ba su da uwaye? Nan fa ido ya raina fata. Rigimar da aka yi a fada ba a kan ko ya dace a kama mutane ba ce, a kan lissafi ce: nawa ya kamo, nawa ya kawo. Ba wanda ya tambayi sunan ko ɗaya daga cikinsu. Sai ga shi ba a jima ba, abin da Makau ya je ya yi wa 'ya'yan wasu ya faɗo a kan agolansa da matarsa. Marubucin bai tsaya ya ce ku duba fa ba. Ya dai jera abubuwan kusa da juna ya wuce, ya bar mai hankali ya haɗa.

Haka Abdulkarim. A not ɗin yara an rubuta shi mutumin kirki, Ado kuma mugu. To, ba ƙarya aka yi ba. Amma me ya kawo Abdulkarim Kano tun farko? Fatauci, kuma a cikin hajar ayarin akwai mutane. Yaro ɗaya ya shiga ransa ya mai da shi ɗa. Sauran fa? Su biyun nan, shi da Ado, hanya ɗaya suke bi, kasuwa ɗaya suke ci. Ni ban ce a kira Abdulkarim azzalumi ba, alherin da ya yi wa Umar alheri ne na gaske. Abin da nake so yarinya ta iya shi ne ta riƙe abubuwa biyu a hannu lokaci guda: mutumin nan ya kyauta, kuma sana'arsa ita ce ta raba uwa da ɗa. Yaron da ya saba raba mutanen littafi gida biyu, 'yan aljanna da 'yan wuta, in ya girma haka zai riƙa raba mutanen unguwa.

To sai jigo. An ce bauta da ƙaddara. Ban musa ba. Amma kalma ɗaya ba jigo ba ce, kan magana ne kawai. In kika ce jigon littafi bauta ne, kamar a tambaye ki me kika dafa ne ki ce abinci. Me littafin ya ce game da bautar? Me ya ce game da ƙaddarar?

Na taɓa yin gardama da wata abokiyar aikina a kan wannan, malama ce kafin ta shigo aikin rediyo. Ita a ganinta littafin darasin haƙuri ne zalla: Umar ya miƙa lamarinsa ga Allah ya ɗaukaka, uwar ta kasa haƙuri ta bar ɗakinta ta faɗa hannun 'yan damfara. Wai da ta zauna a Maƙarfi da wata rana ɗan zai dawo ya same ta. Wallahi maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce mata, Hajiya, in naki ne aka ɗauke, kwana nawa za ki zauna? Kuma wa ya ce haƙuri shi ne naɗe hannu? Duk wadda ta je aikin Hajji ko Umara ta yi safa da marwa sau bakwai, sawun wa take bi? Sawun Nana Hajara, uwa da ta tashi tana kai da kawo tana nema wa ɗanta ruwa. Annabi Yaƙub, wanda ake buga misali da haƙurinsa, bai hana shi tura 'ya'yansa su je su nemo labarin Yusuf ba.

Tunda na ambaci Annabi Yusuf, alaihis salam, ki duba yadda labarin Umar yake tafiya a gefen nasa. Yaro aka raba da gida, aka tsince shi, aka kai shi Masar, ya tashi a gidan wanda ya ɗauke shi, ya sami ɗaukaka, ga kuma mafarki a ciki. Duk ɗan makarantar allo zai ji ƙamshin ƙissar. Amma a ƙissa, mahaifin ya ga ɗansa, idonsa ya buɗe, iyali suka haɗu suka zauna. A nan kuwa uwar ta ga ɗanta ta mutu. Me ya sa? Marubuci ne fa ke riƙe da alƙalami. Da ya so, da ya bar ta ta warke, Umar ya fanshe ta, su dawo gida tare ta ga jikoki. Ki kwatanta da Ruwan Bagaja da aka rubuta a gasa ɗaya: Alhaji Imam ya fita yawon duniya, ya sha dariya da Malam Zurƙe, ya dawo da abin da ya je nema da dukiya a kai. Ita wannan ta fita ba ta dawo ba.

Ga nawa fahimtar, kuma fahimta ce, wata na iya kawo tata. Da matar nan ta rayu, da mai karatu ya rufe littafi yana cewa alhamdu lillahi, ashe satar yaron ma alheri ce, ga shi ya zama shaihi. Mutuwarta ce ta hana mu faɗin haka. Ilimin Umar da limancinsa da almajiran da ke kewaye da shi a Rauta, akwai wadda ta biya kuɗinsu, kuma ba ta ci ko ƙwayar riba ba sai kallo ɗaya. Ki tuna kuma lokacin da aka yi rubutun. Labarin yana faruwa ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Rabe ya ci Barno a 1893. Daga nan zuwa 1933 shekara 40 ne kacal. Ba a ma soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Wato ranar da malamin nan matashi yake rubutu, waɗanda aka kama da waɗanda suka yi kamun suna nan da ransu, suna haɗuwa a kasuwa da masallaci. Ba abu ne da saurayi ɗan shekara 21 zai hau mumbari ya yi ta ihu a kai ba. Sai ya sa dattijo mai natsuwa ya ba da labari, ya ɓoye zafin a jikin mace.

Kar kuma a ce ƙirƙira ce kawai. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, da wata Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. A ciki ta ba da labarin yadda mahara suke kwashe mata da yara, da yadda dangi ke fafutukar tara kuɗin fansa. Abin da kakannin kakanninmu suka gani da ido ne.

Ado ma bai mutu ba, 'yan uwa, riga ya sake. Har yau akwai mai zuwa ya sami mace a cikin ƙunci ya ce zo in kai ki, na san hanya, akwai aiki a can. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma akasari daga yankin Damagaram suka fito, masu magana da harshen nan da nake muku magana da shi. A 2017 kuma duniya ta ga hotunan da ke nuna ana gwanjon mutane a Libiya. Yarinyar da ta karanta babin Ado da idon basira, ta ga yadda ya fara da taimako da daɗin baki, ta sami wani abu da ya fi maki.

Na san tambayar da ke ran wata uwar yanzu: to in 'yata ta je ta rubuta wannan a jarrabawar WAEC ko NECO, ba za a kayar da ita ba? A'a, ki kwantar da hankalinki. Ban ce ta rubuta cewa ba Umar ne babban tauraro ba. Shi ne, sunansa littafin ya ɗauka, shi ke ba da labari, da shi aka buɗe da shi aka rufe. Ta rubuta haka. Abin da nake cewa shi ne kar ta tsaya nan. Ta kawo hujja daga cikin labarin, ta nuna ta san abin da ya faru a Kagara da Kano da Tarabulus, in aka zo warwarar jigo ta nuna yadda ƙaddarar ɗan ta bambanta da ta uwar. Mai duba takarda ya gaji da ganin layi huɗu iri ɗaya daga yara ɗari. Kuma sau da yawa tambayar kan zo a kan ƙananan taurari, a nan ne mai haddar not take zama tana cizon biro.

Wadda kuma za ta ce ni ban yi boko ba, ina ni ina nazarin adabi, to ki saurare ni da kyau. Ke ce fa kike zama ki kalli fim ɗin Hausa, tun kafin a kai rabi ki ce wannan kishiyar ba don Allah take wannan fara'ar ba. Ke ce kike jin karatun littafi a rediyo ki ce wallahi yarinyar nan za ta yi nadama. Ke kika ba yaran nan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kin kuma san dalilin da ya sa Gizo ke cin nasara yau gobe ya sha kashi. To nazarin ke nan, sunaye kawai 'yan makaranta suka sa masa. Littafin nan da Hausa yake. Ki ce ta karanta miki shafi biyar bayan an ci tuwo. In ta kai wani wuri ki tsayar da ita ki ce, me ya sa ya yi haka? In ke ce fa? Wa ba a ji bakinsa ba a nan? Ba sai kin san amsa ba. Ni ma da na fara da tawa ban san inda za mu ɓulla ba. Maza ma a jawo su, kar a ce karatun 'yan mata ne.

Ita dai 'yar tawa ta yage shafin farko ta sake rubutu. Ta cika shafi biyu da rabi. Ta bar Umar a matsayinsa na babban tauraro, amma ta ƙara sakin layi guda a kan uwarsa, ta kuma rubuta cewa Makau an zalunce shi a ranar da shi ma ya dawo daga zaluntar wasu. Wannan jimlar tata ce, ban sa mata baki ba. Da aka dawo musu da littattafai ta kira ni a wayar mamanta tana dariya, wai malam ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da jan biro, ya sa ta tashi ta karanta wa aji, har gardama ta kaure tsakanin masu kare Makau da masu tuhumarsa, aka buga ƙararrawa ba a gama ba.

Kafin ta ajiye wayar ta sake jefo mini wata. Ta ce, "Anti, ita kuma ƙawar da aka bar wa amanar yaron, da wane ido ta kalli uwar ranar da ta dawo daga Fatika?" Na ce mata wannan sai na tambayi iyayenmu masu sauraro. To ga ta nan na miƙo muku. Wadda aka taɓa bar wa ɗan wani ya ɓace mata ko na awa ɗaya ne a gidan biki, ta san abin da ake nufi. Ku rubuto mana, za mu karanta wasiƙunku a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.

Agogo ya ce lokacinmu ya cika. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum.